Ba Lalle Shafin Malam Rabe Ya Kai Gobe Ba

Malam Rabe ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin da ludayin koko a hannu. Matarshi ce ta kira ni, Hajiya Murja. Ko sallama ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Malama, ya tahi." Sai na riƙa jin kukan mata a bayanta har layin ya yanke.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi aka kai shi makwancinshi. Yanzu na dawo daga gidan rasuwar a Ƙofar Durɓi, la'asar ta ɗan gota, ko mayafina ban cire ba. Na san yadda ake yi. A sa hoto, a rubuta mutumin kirki ne, a yi shiru. Mutumin kirki ne kam. Shirun ne ba zan iya ba, domin in ba wani abu ya canza ba, ana idar da sallar isha'i yau za a goge duk abin da wannan bawan Allah ya rubuta cikin shekara kusan ashirin.

Ba maƙiyanshi ne za su goge ba. Danginshi ne, kuma don suna son shi.

Ku daure ku karanta. Lokacin ba shi da yawa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Rabe malamin labarin ƙasa ne. Makaranta ɗaya muka koyar, shi yana aji da taswira, ni ina aji da littattafan adabi, har ya yi ritaya. Kuma shi ne mutum na farko da na sani ya buɗe bulog da Hausa a garin nan.

Yaran yanzu, in an ce bulog abin da ke zuwa maku shi ne shafin da ake tona asirin matar wani, ko a sa hoton yarinya a ce jama'a su taya da zagi. Ba haka abin ya fara ba. Asalinshi ɗaki ne mutum yake buɗe wa kanshi a intanet, ya riƙa ajiye tunaninshi, na yau a kan na jiya, wanda ya ga dama ya leƙo. Ba edita, ba mai gida, ba wanda zai ce maka yau babu fili. Na tuna ranar da ya nuna mani na wasu ƙasashe. Wata mata tana rubuta yadda lambunta yake ciki. Wani mutum a garin da ake yaƙi yana rubuta yadda ya samo ruwa ranar. Malam ya ce, "Kin gani? Mutum ne kawai yake magana, ba a tsaya masa a baki ba."

Lokacin ba kowa ke da waya ba, balle waya mai hoto. Wani kafen intanet muke zuwa a Ƙofar Ƙaura, na Madam Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, mace mai faɗa kamar ni. Kwamfutocinta sun tsufa tun kafin su iso Katsina. Shafi ɗaya sai ya riƙa saukowa a hankali kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi, yana gab da isowa a ɗauke wuta, Madam ta fita tana zagin janareta da harshe biyu.

Malam ne ya ja ni wurin. Wata rana a ofishin malamai na gama wanke wani jami'i da ya zo duba makaranta, sai ya ce, "Malama Rakiya, kullum kina cika muna kunne. Taho in gwada maki inda za ki yi faɗanki duniya ta ji, mu kuma mu samu mu sha shayi."

Da muka je kafen, kujerarshi ya ba ni, ta kusa da taga, inda iska ke ɗan shigowa. Ya tsaya daga gefe yana nuna mani da bakin biro. Rubutuna na farko a shafinshi ya fito. Bai taɓa mani komai ba sai zagi ɗaya da ya cire. Na ce don me? Ya ce, "Wanga ya yi kyau da yawa. Kada ki ɓata shi a kan ƙaramin ma'aikaci."

Da maigidana ya rasu, ina cikin takaba, buhun shinkafa ya aiko mani ta hannun Hajiya Murja. Na kwance bakin buhun, littattafai ne cike. Ya san abin da zan iya haɗiya ke nan.

Wani ɗalibi da ke karatu a ƙasar waje ya taɓa rubuto mashi a ƙasan shafi cewa kewar gida ta hana shi barci. Malam bai san shi ba. Ya ari kyamara, ya je lungunsu, ya ɗauko mashi hoton ƙofar gidansu da mai ƙosan da ke bakin ƙofar.

Shi Malam nashi rubutun ba faɗa a ciki. Kududdufan gari yake bi ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wanda aka cike aka yi gini a kai, yana tambaya, to ruwan in ya zo ina zai zauna? Ya rubuta ganuwa da masu yankarta suna buga bulo. Ya rubuta unguwannin da ake kira da sunan bishiyoyin da aka sare tun ba a haife mu ba.

Da abin nan ya taso a daji, ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari, sai rubutunshi ya juya. Zai hau bayan ɗan acaɓa, kafin su isa Ƙofar Sauri ya san daga wane gari aka koro shi. Washegari sai ya nemi inda suka sauka, ya zauna da tsofaffinsu. Ba ya tambayar wa ya kashe wa. Tambayarshi ita ce, in an shigo garinku daga gabas, mi ake fara gani? Rijiya tana ina? Wa ke limanci? Wace rana kasuwa take ci? Sai ya zana taswira da hannu, ya ɗauki hotonta ya sa. Garuruwan da yau ko akuya babu a cikinsu, suna nan a shafinshi da hanyoyinsu da masallacinsu da maƙerarsu.

Abin da za a goge ke nan.

Bari in zo kan manyan kafafen labarai, tunda su suka kawo mu nan.

Na daɗe ina karanta su, na gida da na waje, kuma a kan bulog duk tafiyarsu ɗaya ce. Da farko ba su gan mu ba. Da suka gan mu sai dariya, wai 'yan jaridar ɗaka, marasa aikin yi. Suna dariyar suna kwasa. Sau nawa na buɗe jarida na ga rubutun Malam a kan kududdufai, an canza mashi kai, an sa "daga wakilinmu"? Wakilin da bai taɓa jiƙa takalminshi a unguwar ba. In na kawo mashi jaridar ina huci sai ya ce, "To ai an karanta. Ruwa ba shi tambayar wa ya rubuta."

Daga baya kowa ya samu waya, shafukan tsegumi suka cika gari, mutane suka daina jiran labaran yamma. Sai dariyar ta koma haushi. In jaridun Turanci za su ba da tarihin abin, daga Legas suke farawa su ƙare a Abuja, kamar mu nan ba a taɓa kunna kwamfuta ba. In namu na Hausa za su bayar, ba tarihi suke nema ba. Mai laifi suke nema.

Bayan ƙaramar sallah wani gidan rediyo a garin nan ya shirya shiri na musamman a kan 'yan bulog. Ba zan faɗi sunan gidan ba. Ba tsoronsu nake ji ba, yau dai ranar Malam ce, ba tasu ba. Mai gabatar da shirin ya je har gidan Malam da rikoda. Hajiya Murja ta ce sun daɗe a zaure har sai da ta aika masu da fura. Malam ya ba shi labarin kafen Madam, da kududdufai, da ƙauyuka. Murna yake yi. Ya kira ni ya ce, "Malama, yau dai manya sun tuna da mu."

Can cikin hirar mai gabatarwa ya jefo wata magana. Malam da bakinshi ya faɗa mani yadda aka yi. Mai gabatarwar cewa ya yi, "Malam, an ce dai abin nan daga Kano ya shigo muna."

Duk Bakatsinen da ke karanta wannan ya san abin da ya biyo baya. Ka taka Bakatsine, shi zai ba ka haƙuri. Ka ce mashi Bakano ya riga shi, ka taɓo inda ba a taɓawa. Mutumin da aka yi shekaru ana kwashe mashi rubutu bai ce uffan ba, sai ga shi ya gyara zama ya ɗaga murya.

"Kano? Ni na fara. Kafin ni babu kowa. Duk wanda ka gani yana wannan abu a garin nan, bayana ya biyo."

Wannan kaɗai suka ɗauka.

A tsakar gidana na saurari shirin. Sun buɗe da muryar wata baiwar Allah tana kuka, aurenta ya mutu saboda ƙaryar da aka yi mata a wani shafi. Sai wani dattijo da aka sa hoton ɗiyarshi, har ta daina fita. Sai wani da aka kira masani, yana cewa a irin shafukan nan masu satar mutane ke gane wanda ya yi sabon gini. Sai kiɗa mai tada hankali. Sai mai gabatarwa ya sassauta murya ya ce, "To wa ya buɗe muna wannan ƙofa?"

Sai muryar Malam Rabe, cike da alfahari. Ni na fara.

Ba kududdufi, ba ƙauye, ba taswira. Aka maimaita shirin, aka yanko wurin aka watsa a wayoyi. Kun san su wa suka fi yaɗa shi? Shafukan tsegumin. Sun samu uba.

Har garin da Madam Rifkatu ta koma muryar ta kai. Ɗazu da na kira ta in faɗa mata rasuwar, ta yi kuka ta yi mashi addu'a, sannan ta ce, "In dai wanda ya fara suke nema, su zo su kama janaretana. Yana nan bayan ɗaki, kaji na ƙwai a kai."

Daga ranar shirin gari ya canza wa Malam. Ba wanda ya zage shi a fuska, mu ba ma haka. Gaisuwa ce ta gajarce. Mutumin da in ya fito sai an tambaye shi gida da iyali da gajiya da jiki, sai aka koma "Malam, sannu" ana wucewa. A masallaci sahu ya riƙa yin ɗan faɗi a gefenshi. Cikin tsofaffin da yake zama da su, wasu suka aiko a ce kada ya ƙara zuwa, sun ji a rediyo cewa ta irin rubutun nan ake gano mutane. Waya ta riƙa shigowa da lambar da ba suna, in ya ɗauka sai numfashi.

Sannan wata Juma'a bayan an sauko, dattijon nan na cikin shirin, wanda aka sa hoton ɗiyarshi, ya nemo gidan. Bai shiga ba, bai karɓi ruwa ba. Ya tsaya a ƙofar zaure, gaban maƙwabta, ya ce, "Kai ne ka ce kai ka fara? To Allah Ya isa tsakanina da kai." Ya juya ya hau mashin ɗinshi.

Ban ga laifin dattijon ba. An ƙona shi, an kuma nuna mashi wanda aka ce shi ya ƙyasta ashana.

Ganina da Malam na ƙarshe, kwanakin baya ne, kafin ciwon ya kwantar da shi. A zaure na same shi, ƙafafunshi sun kumbura, hawan jinin ya tashi. Na shiga da wutata.

"Malam, tashi mu je gidan rediyon nan. Su sa hirar duka, ko in tsaya a ƙofarsu in faɗa masu abin da ba za su iya watsawa ba."

"Zauna, Malama. Ina gajiya? Ina yara?"

"Yara lafiya lau. Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Kin san ɗan wane ne mai gabatarwar?"

"Ko ɗan wane ne."

"Da ubanshi muka tashi, kwano ɗaya. Ran da ya rasu ni na yi mashi wanka. In na kai ƙara aka kori ɗan, in gamu da uban in ce mashi mi?"

"Ka ce mashi ɗanshi maƙaryaci ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Bai yi ƙarya ba ai. Muryata ce. Tun ina saurayi nike kiyaye bakina, Kano ta zo ta ci ni a zaurena."

Na ce to ya rubuta a shafinshi, ya faɗi yadda aka yi. Ya ce ya gwada, hannun ya ƙi. "In na zauna sai in ji kamar dattijon nan na tsaye bayana." Ya kalli ƙofa. Sannan ya ce,

"Malama, ke da kike karatu. In mutum ya haƙa rijiya, wani ya zo ya jefa mushe, wa za a tambaya?"

Na ce wanda ya jefa.

Ya ce, "Haka nike faɗa ma kaina."

Bai ce ya yarda ba.

Da zan tafi ya sa aka tsinko mani lemun tsami daga bishiyar tsakar gida. Ya ce na murya ne, tunda ba ni da niyyar rage faɗa.

Yau a gidan rasuwa ina zaune kusa da Hajiya Murja, sai ga wata tsohuwa, ɗiyarta na riƙe da ita. Daga ɗaya daga cikin garuruwan da aka tasa suke, yanzu suna haya a ɗaki guda bayan Ƙofar Sauri. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta ce,

"Hajiya, ni ban san shi da rediyo ba. Ni dai ya zo ya tambaye ni garinmu, na hwaɗa mashi, ya aje. In abin ya taso mani sai in ce ma wagga ta buɗe waya ta karanta mani. Ta fara daga bakin gulbi, ta bi da ni ta gaban maƙera, har ƙofar ɗakina. Jikokina da aka haifa nan, da shi nike gwada masu inda za su koma."

Hajiya Murja ta sunkuyar da kai. Na ɗauka baƙin ciki ne. Sai da tsohuwar ta fita ta kamo hannuna ta ja ni ɗaki.

"Yaya Alhaji ya ce a goge."

Alhaji Sada ke nan, wan Malam, shi ne babban gidan.

"A goge mi?"

"Duka. Ya ce wanda ya fara abu yana da kamasho a zunubin duk wanda ya bi bayanshi. Ya ce Malam da bakinshi ya shaida, gari duk ya ji. Kuma da aka yi sanarwa wurin jana'iza, mai haƙƙi ya fito ko ya yafe, dattijon nan bai zo ba."

"Hajiya, kin fi kowa sanin abin da ke cikin shafin nan."

"Na sani."

"To?"

"Malama, ke kan gadonki za ki kwana yau. Shi fa?" Ta share ido da bakin hijabi. "In akwai nauyi ko na ƙwayar gero a ciki, ba ni so ya kwana da shi. Daren farko ne."

Na ce to a bar ni in sa a kwafe, in adana. Ta damƙe hannuna ta ce, "Don girman Allah kada ki yi. In kin kwafe ai bai tsaya ba, yana nan yana gudana. Ki yi mani alkawari."

Mace ce da aka fita da mijinta ɗazun nan. Na yi mata.

Hajiya, ki yafe mani da na fito da maganar ɗaki waje. Alkawarin yana nan. Ban kwafe ba, kuma ban ce kowa ya kwafa ba, ba zan karya shi da hannun wasu ba. Ko da ma an kwafe an ɓoye a wata kwamfuta, ba shi ne ɗiyar tsohuwar nan za ta buɗe ba. Kuma gogewar kanta hukunci ce. Ranar da aka goge, dangi sun sa hannu cewa gidan rediyo ya yi gaskiya.

Ku lura da wani abu. Muryar nan da ke cewa "ni na fara," ba wanda ya ce a goge ta. Tana cikin wayoyinku. Ita za ta rage. Jikokinshi in sun girma sun nemi kakansu, ita za su samu, da kukan matar nan a gabanta.

A ƙofar gida ina neman kurkura, wato keke napep, Mannir ya same ni, babban ɗan Malam, magidanci da iyalinshi. Shi ke riƙe da faswod, kalmar sirrin buɗe shafin, tun da idon uban ya fara rauni. Ƙasa ce a gwiwar wandonshi.

"Anti, na roƙi Baba Alhaji a bari a gama karɓar gaisuwar yini."

"Ya ce mi?"

"Ya ce har isha'i. In an idar, a gabanshi zan zauna da wayar."

"Kai kuma ka ce mi?"

"Anti, ban taɓa ce mashi a'a ba. Baba ma bai taɓa ba."

Ana yi mana kirari da kunya gare mu, ba dai tsoro ba. Yau na ga kunya ta yi aikin da tsoro bai isa ya yi ba. Kara ta hana uba kare kanshi, ga shi za ta sa ɗa ya danna.

Kada wanda ya zagi Alhaji Sada a ƙasan rubutun nan, zan goge shi da kaina. Dattijo ne da ya binne ƙanenshi yau, yana tsoron Allah, yana ji wa ɗan'uwanshi tsoro. Maganar da ya riƙe gaskiya ce. Amma rabi ce. Ɗaya rabin kowa ya san shi: wanda ya fara alheri, shi ma yana da ladan duk wanda ya bi. Alhaji ba ya karatu a waya. Bai taɓa buɗe shafin nan ba. Duk abin da ya sani a kai, a rediyo ya ji, sai kuma a bakin masu gaisuwar yau, da suka riƙa cewa "Allah Ya yafe mashi kurakuranshi" suna jan kalmar kamar sun san guda nawa ne.

Shaida ce babu. Ita nake roƙo.

In ka taɓa karanta Malam Rabe, in ya taɓa zama da tsohonka ya tambaye shi rijiyar garinku, in ɗalibinshi ne kai, in kai ne ɗan acaɓan da ya riƙa yi wa tambaya a hanya, gidan yana Ƙofar Durɓi, kowa ka tambaya zai nuna maka. Ka je kafin magariba. Ka zauna a tabarma, ka yi gaisuwa yadda ake yi, sannan ka faɗa wa Alhaji abin da ka karanta. Ka buɗe wayar ka karanta mashi gari ɗaya. Ban da gardama. Faɗan ku bar mani.

In akwai wanda ya san dattijon nan, ya je ya same shi da ladabi. Ya faɗa mashi wanda ya cuci ɗiyarshi yana nan da rai, wataƙila yanzu haka yana rubuta wani. Wanda ya yi wa Allah Ya isa, taswira yake zanawa. A roƙe shi ya zo ya janye.

Kai kuma mai gabatarwa, na san kana karanta ni. An ce ka zo gaisuwa, ka zauna a sahun gaba, har ka share hawaye. An ce a labaran rana kun sanar da rasuwar "wanda ya assasa harkar bulog a garin nan," kuka ƙara sa muryar. Ko yau ba ku bari ba. Hirar tana wurinka dukanta, da kafen Madam da kududdufai da ƙauyuka, har da tambayar Kano da ka jefa mashi kana sane. Ya ƙi kai ƙararka saboda ubanka. Ka ɗauko ta ka kai tabarmar nan, ka kunna daga farko. Ba sai ka ce komai ba.

Ni komawa zan yi. Na san mace ba ta zama a tabarmar maza. Zan tsaya daga bakin zaure, in yi sallama, in jira a ba ni izini. In ba a ba ni ba, daga nan zan faɗa.

Na buɗe shafin yanzun nan. Yana nan tukuna. Inuwa ta kai rabin katangar gidana.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Rabe. Ka yalwata mashi makwanci, Ka sauƙaƙa mashi tambaya, Ka sa daren nan ya zame mashi hutu. Ka ba Hajiya Murja da 'ya'yanta haƙuri. Ka sanyaya zuciyar dattijon da aka zalunta, Ka saka wa ɗiyarshi. Ka nuna wa Alhaji Sada abin da ya fi zama alheri ga ƙanenshi, Ka ba shi ikon bi. Waɗanda aka raba da garuruwansu, Ka mayar da su da ƙafafunsu.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mashi addu'a, ko da a bakin titi yake. Kada ku danna hoton hannu ku wuce. Ku buɗe baki ku faɗa.

Ku sa Mannir a ciki. Shi ya shiga rami ɗazu ya karɓi ubanshi. Allah kada Ka bari a sa shi ya binne shi sau biyu a yini ɗaya.